Kada ku kwashe wa Baba ɗaki yana masallaci

Duk wanda yake da uwa ko uba ko ɗan'uwan da ya cika ɗaki da tarkace har wurin kwanciya ya gagara, in ya taɓa kallon shirin Hoarders a tauraron ɗan'adam ko a YouTube, dabarar da za ta fara faɗo masa a rai ita ce ta talabijin ɗin. A tara 'yan'uwa, a kira mota, a kwashe komai cikin kwana biyu. Wasu ma jira suke yi mai ɗakin ya tafi masallaci ko unguwa, ya dawo ya tarar an gama. Ina roƙonku kada ku yi haka.

Tashar A&E ta Amurka ce ta fara nuna Hoarders a 2009. Tashar TLC ta biyo baya da Hoarding: Buried Alive a 2010, sannan Channel 4 ta Ingila ta kawo The Hoarder Next Door a 2012. A na Amurkan tsarin kusan iri ɗaya ne. Kyamara ta kutsa gidan da kaya suka kusa taɓa rufi, a nuna firji cike da ruɓaɓɓen abinci, wani lokaci har da mushen kyanwa a ƙarƙashin tsibin jaridu. A kawo masanin halayyar ɗan'adam da ƙwararren mai gyaran gida da ma'aikata da manyan motoci. Galibi akwai wa'adi a wuyan mai gidan: ko hukuma ta rufe gidan, ko ta ɗauke masa 'ya'ya. A yi 'yan kwanaki ana kuka ana cacar baki, sai a nuna falo fes.

Ba zan hana waɗannan shirye-shirye haƙƙinsu ba. Ta dalilinsu iyalai da dama suka gane cewa abin da suke ɓoyewa shekara da shekaru lalura ce da likitoci suka sani, kuma masu shirin Hoarders sukan ba da tallafin ci gaba da ganin masana bayan an gama ɗauka. Amma talabijin tana da buƙatarta. Gida mafi muni take nema, kuma dole labarin ya ƙare cikin sa'a guda. Abin da ya faru bayan an naɗe kyamara ba ya wuce 'yan layuka a ƙarshen shirin. Masu aiki da irin waɗannan mutane kuwa sun daɗe suna faɗin cewa gidan da aka kwashe da ƙarfi yakan sake cika, sau da yawa cikin 'yan watanni, kuma mai shi ya daina buɗe wa kowa ƙofa. Kayan kawai aka fitar. Tsoron rabuwa da su, wanda shi ne ainihin ciwon, yana nan inda yake, ga ɓacin rai an ƙara masa.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware wannan lalura a matsayin ciwo mai zaman kansa a kundinta na 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a nata kundin cututtukan da ya fara aiki a 2022. Binciken da aka yi, akasari a Turai da Amurka, ya nuna tana shafar mutum biyu zuwa uku cikin ɗari. Takan fara tun lokacin samartaka, ta riƙa ƙaruwa sannu a hankali, shi ya sa iyali ba su cika farga ba sai mutum ya manyanta. Rasuwar miji ko mata, mutuwar aure ko barin aiki sukan tsananta ta, kuma kusan rabin masu ita suna fama da ciwon damuwa. Ta girmi talabijin nesa ba kusa ba. A 1947 an tsinci gawarwakin 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, a gidansu da ke unguwar Harlem ta birnin New York, aka fitar da kaya sama da tan 100 daga ciki.

Kafin ku yanke hukunci, ku tabbata lalurar ce. Uwar da take wanke leda ta shanya, ta tara robobin man gyaɗa a bayan ƙofa, ko ta jera kwallayenta a kabad tana goge su, tattali take yi, kuma a wannan tsadar rayuwa tana da gaskiya. Abin dubawa shi ne ko ɗakin yana yin aikin da aka gina shi dominsa. Ana kwana a kan gadon? Ana girki a kicin? In an ce a jefar da fasasshen bokiti, hankalinta yana tashi kamar an yi mata rasuwa? Ta daina bari jikoki su shiga? Idan kuma dattijon da bai taɓa yin haka ba ne ya fara kwatsam, tare da mantuwa ko sauyin hali, ku kai shi wurin likita tukuna, domin ciwon mantuwa da shanyewar ɓarin jiki suna iya zuwa da wannan.

In kun tabbatar, ku ajiye burin ɗaki fes a gefe, ku fara da abin da zai iya kashe mutum. A sami hanya mai faɗin kusan mita ɗaya daga gado zuwa ƙofa. Ƙofa ta riƙa buɗuwa gaba ɗaya, taga ma haka. A janye takardu da tsummokara daga kusa da risho, kurfoti, hita, soket da inda ake kunna maganin sauro, musamman da hunturu. Jarkar fetur ta janareta ta fita daga ɗakin a ranar. Tsibin da ya wuce ƙirjin mutum a rage shi, kada ya rufto masa. Ragowar abinci da tsofaffin buhunan hatsi su ma su fita, saboda suna jawo ɓeraye, ɓera kuwa a ƙasarmu shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Idan abin da kuka iya cimmawa cikin wata uku ke nan, kun yi babban aiki, ko da baƙo ya leƙa ya ce bai ga an yi komai ba.

Yadda za a yi maganar ya fi komai wuya, don haka bari in ɗan tsaya a kai. Kalmomin shara, bola da ƙazanta su fita daga bakinku. Abin da kuke gani tarkace, shi dukiya yake gani, ko tarihi, ko abin da zai yi amfani wata rana. Wanda ya fi jin maganarsa a gidan shi zai fara, shi kaɗai, ba a taron dangi ba. Ya ce: "Baba, tsoro nake ji kada ka yi tuntuɓe da asuba in za ka fita alwala. Ka yarda mu buɗe hanya daga gado zuwa ƙofa? Ba zan taɓa komai ba sai abin da ka ce." Wannan alkawari na ƙarshe a riƙe shi da gaske. Ranar da ya gane an sulale da kwali ɗaya a ɓoye, aikin wata shida ya rushe.

Ku zaɓi ƙaramin wuri, kan kujera ɗaya ko kwali ɗaya, ku yi minti 20 zuwa 30 ku tashi, ko da kuna ganin za a iya ƙarawa. Hannunsa ne zai ɗaga kowane abu, bakinsa ne zai yanke. A ce ya ɗauko tsohuwar rediyon da ba ta da murfin batir, ya juya ta, ya ce za a gyara. Kada ku yi gardama. Ku tambaya a hankali: yaushe rabon da ta yi magana, akwai wata mai aiki, wa zai gyara ta kuma yaushe? In ya ce a bar ta, a bar ta, a wuce na gaba. Abin da ake koya masa shi ne ya yanke shawara da kansa, ya ji zafin rabuwa, ya ga zafin ya lafa bai hallaka shi ba. Wannan ba ya samuwa in wani ne ya jefar masa.

Mafi yawan masu wannan lalura almubazzaranci suke ƙi, shi ya sa kyauta ta fi musu sauƙi a kan zubarwa. Tufafi su tafi ga mabuƙaci da sunan sadaka, ƙarafa da robobi a sayar wa 'yan gwangwan a danƙa masa kuɗinsa a hannu. Duk abin da ya amince ya fita, ya bar gidan a ranar, kada ya kwana a zaure. Ku lura da ƙofar shigowa ma. In yana sayo gwanjo duk ranar kasuwa, ku raka shi wata rana ku zaga ku dawo hannu rabbana. Za ku iya ɗaukar hoto da izininsa don ku riƙa gwada ci gaba, amma hoton nan kada ya shiga Facebook ko zauren dangi na WhatsApp.

Ku nemi masana. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Maganin da aka fi gwadawa shi ne zaman tattaunawa na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda masana biyu 'yan Amurka, Randy Frost da Gail Steketee, suka tsara wa wannan lalura musamman. Yakan ɗauki zama ashirin da wani abu cikin watanni, kuma abin da aka fi samu sauƙi ne mai ma'ana, ba warkewa sarai ba. In akwai ciwon damuwa, likita zai ba da maganinsa, hakan yakan buɗe hanyar sauran aikin.

Akwai inda jira ba zai yiwu ba: ƙananan yara ko mara lafiya na kwance a ɗakin, dabbobi na mutuwa a ciki, ko wuta na barazana ga maƙwabta. Nan dole a shiga ko bai so ba. Duk da haka a sanar da shi ranar tun da wuri, ya kasance yana wurin tare da wanda ya yarda da shi, a ware masa takardun gida da na fansho da hotuna da littattafan addini kafin a taɓa komai, a cire iya abin da ke da haɗari kawai. Washegari kuma wani ya koma ya zauna da shi, haka mako mai zuwa, domin kwanakin da ke biyo bayan kwashewa su ne mafiya tsanani a gare shi.