Rahoton Odita da Idon Kansila a Ƙananan Hukumomin Arewacin Kano

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ba da umarnin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu daga Asusun Tarayya kai tsaye, ya kuma haramta wa gwamnoni ɗora kantomomin riƙo a gurbin zaɓaɓɓun shugabanni, ya sa hankalin jama'a ya koma kacokan kan hanyar da kuɗi ke bi kafin su iso sakatariyar ƙaramar hukuma. Muhawarar tana da muhimmanci, domin kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun hakkin ƙananan hukumomi ne, kuma asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanada ya daɗe yana zama kafar da jihohi ke riƙe wannan kaso. Sai dai ko da aiwatar da hukuncin ta daina tafiyar hawainiya, kuɗin da za su sauka a Dambatta ko Makoɗa ko Kunchi ba za su zama kwalbati da ɗakin haihuwa ba sai an samu wanda ke bin sawunsu, kuma wanda ya fi kowa damar yin hakan shi ne kansilan mazaɓa, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba idan ana maganar binciken kuɗi.

Binciken kuɗi, wato aikin odita, hawa biyu ne a tsarin ƙaramar hukuma. Akwai oditan cikin gida, ma'aikaci ne da ke zaune a sakatariya, wanda ƙa'idar kashe kuɗi ta ɗora wa duba kowace bauca kafin ma'aji ya biya, bauca kuwa ita ce takardar da ke bayyana wanda za a biya, da adadin kuɗin, da dalilin biyan, da sashen kasafin da za a cire su. Akwai kuma ofishin Odita Janar na Ƙananan Hukumomi na jiha, wanda jami'ansa ke zuwa bayan an kashe kuɗin su duba littattafai, su rubuta takardar tuhuma a kan duk abin da bai gamsar da su ba, sannan su haɗa rahoton shekara da ke zuwa gaban Majalisar Dokokin Jiha. Aibin wannan tsari a aikace shi ne rahoton yana haurawa sama ne zuwa birni, yakan kuma iso a makare, alhali majalisar kansilolin da ta amince da kasafin tun farko sau da yawa ba ta taɓa zama a kansa ba.

Duk wanda ya yi aikin duba littattafan ƙaramar hukuma ya san yadda fayil ɗin rijiyar burtsatse yake idan an shirya shi da kyau. Za a tarar da takardar neman aikin, da amincewar kwamitin ba da kwangila, da yarjejeniyar da ɗan kwangila ya sa wa hannu, da shaidar kammala aiki daga sashen ayyuka, har da hoton famfo yana zubar da ruwa ga yara riƙe da jarkoki. Babu abin da odita zai kama a takarda, domin kowane sa hannu yana wurinsa, kowane hatimi ya fito sarai. Abin da fayil ɗin ba zai faɗa ba shi ne ko hoton na wata rijiya ce da aka haƙa shekaru uku da suka wuce, ko an tsaya da haƙa kafin a kai ga ruwa mai ɗorewa har rijiyar ta ƙafe da shigowar bazara. Odita da ya zo daga Kano da 'yan kwanaki ƙalilan da tarin fayiloli ba zai iya taka kowane ƙauye ba, sai dai ya zaɓi kaɗan ya je ya gani da ido. Kansilan mazaɓar kuwa ta gefen rijiyar yake wucewa a kan babur kullum.

A nan ne yanayin arewacin Kano ya zama babbar dama. Wannan yanki, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazari a kansa tun shekarun 1960, yana cikin karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, inda gona ta haɗu da gona babu saura, ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya kowace shekara da ƙarfin takin gargajiya, ƙauye kuma yana hango ƙauye. A irin wannan wuri ba a ɓoye aiki, ba a kuma ɓoye rashinsa. Dagaci da mai unguwa da limami da direban da ke jigila zuwa Bichi ko Ɓagwai duk sun san tirela nawa ta sauke yashi a bakin kwalbati. Ilimin da binciken kuɗi yake buƙata yana nan jibge a hannun mutane, abin da ya rage kawai hanyar da za ta kai shi teburin da ake rufe lissafi.

Haka lamarin yake a ɓangaren kuɗin shiga. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, kuma yankin da ke da kasuwar hatsi ta Dawanau a Dawakin Tofa da kasuwar dabbobi ta Dambatta ba zai ce ba shi da abin tarawa ba. Kowane ɗaurin rasit yana da jerin lambobi, ana kuma rubuta sunan mai karɓar da aka ba shi a littafin rajista, ta yadda za a iya gwada guntayen da suka rage da kuɗin da aka kai banki. Inda ɓarna ke shiga shi ne rasit ɗin da aka bugo a waje ba tare da sanin ma'aji ba, ko wanda mai karɓa ke amshewa daga hannun ɗan kasuwa ya sake sayar wa wani. Kansilan da ya tsaya a kara rabin yini ya ƙidaya shanu da awakin da suka fita, sannan ya nemi a nuna masa abin da aka shigar asusu washegari, ya yi binciken da ya fi na mako guda a ofis amfani.

Ba baƙon abu ba ne talaka ya sa ido a kan baitulmali a ƙasar Kano. Tun zamanin En'e, lokacin da haraji da jangali suke bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi har su isa wurin ma'aji, magidanci ya san daga aljihunsa kuɗin hukuma suka fito. Soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979 ya sauke wa talakawa nauyin da aka daɗe ana zaluntarsu da shi, amma kuma tun daga sauye-sauyen 1976 da suka mayar da ƙananan hukumomi masu dogaro da kason tarayya, mutane suka fara ɗaukar kuɗin a matsayin rabon da ke zuwa daga nesa, wanda ba na kowa ba. Gyara wannan fahimta yana cikin aikin kansila, domin harajin kayayyaki da mai sayen sabulu da katin waya ke biya yana cikin abin da ake rabowa.

Kamfanoni sun riga sun gano cewa odita shi kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ake kira kyakkyawan tsarin tafiyar da hukuma ya ginu ne a kan raba iko, wato mai amincewa da kashe kuɗi daban, mai biya daban, mai dubawa daban, sannan a samu wasu da ba sa cikin masu zartarwa su karɓi rahoton. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani na jama'a kafa kwamitin binciken kuɗi mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa gudanar da harkokin yau da kullum. Majalisar kansiloli ita ce ke a wannan matsayi a ƙaramar hukuma, kuma babu abin da ya hana ta kafa kwamitin da zai riƙa zama duk wata. Cikas ɗin na siyasa ne: a zaɓen 26 ga Oktoba, 2024 jam'iyya ɗaya ce ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 na jihar, kamar yadda wata jam'iyyar ta yi a 2021, kuma kansilan da alawus ɗinsa ke jiran sa hannun ciyaman yakan ji nauyin yi masa tambaya.

Duk da haka, abin da ake buƙata daga kwamitin bai wuce ƙarfinsa ba. Zai nemi bayanin kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita a kowane wata tare da takardar banki don a ga sun dace, da jerin ma'aikatan da suka karɓi adibas ba su kawo rasit ba, da takardar albashi don a tantance sunayen bogi mazaɓa-mazaɓa, da duk tuhumar da odita ya rubuta wadda ba a amsa ba. Zai kuma lura da fitar da tsabar kuɗi, tunda ƙa'idar da Hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta kafa a 2019 ta taƙaita a wancan lokaci tsabar kuɗin da za a cira daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, sauran biyan kuma ta banki. Idan an hana kansila waɗannan takardu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi, da kowane manomi a mazaɓarsa, damar neman su a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.