Ka Yaye Yaron Shagonka

'Yan kasuwa da yawa suna ganin sai sun kuɗance sun raba buhunan shinkafa da azumi ne za su amfani jama'a. Rabon alheri ne, amma akwai wanda ya fi kusa da kai: yaron da ke buɗe maka shago kowace safiya.

Tun zamanin fatake ubangida ke yaye yaronsa da jari. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya bunƙasa cinikin gyaɗa ne ta hannun mutanen da ya amince wa da kuɗinsa suna saro masa kaya. Yau kuwa sai ka ga saurayi ya tsufa a shago bai san komai ba sai aike, kuma wannan zalunci ne.

Ku yanke lokacin yaye tun ranar farko, gaban iyayensa da shaidu, a rubuce. Kada ka ɓoye masa farashin sari. Koya masa lissafin uwa da riba, da rubuta bashi, da gane jabun kaya. In za ka sari Kantin Kwari ko Singa, tafi da shi dilolinka su san fuskarsa, domin wannan sanayyar ta fi tsabar kuɗi wahalar samu. Kowane mako ka ware masa wani abu, ban da kuɗin abinci. Lokaci na cika, ka ba shi kaya, ka tsaya masa.

Hajiya mai shagon ɗinki, har da ke: ki sallami yarinyarki da kekenta.