Kafin ka sayi gidan jingina a Bagega

Gidan da bashi ya ci yakan fito da araha, shi ya sa dillali zai ce maka ka ba da kafin alƙalami yau-yau kada wani ya riga ka. Kada ka biye masa. Ka tsaya ka tambaya tukuna: wa ya ba mai sayarwar ikon sayarwa?

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na Zamfara ke aiki da shi, mai bin bashi ba ya mallakar gida don kawai wa'adi ya cika ba a biya shi ba. Ko dai mai gidan ya amince a sayar, ko alƙali ya ba da umarni. A cire bashin, abin da ya yi saura a mayar wa mai gida. Saboda haka in an ce kotu ce ta sa gidan a gwanjo, ka je kotun da ƙafarka, ko a Anka take ko a Gusau. Ka ga takardar hukunci a hannun magatakarda, ka kuma tambaya ko an ɗaukaka ƙara.

Sai batun izinin hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce gidan da ke kan mallakar gargajiya, irin yawancin gidajen karkara, ba ya canza hannu sai da amincewar ƙaramar hukuma. In kuwa kotu ce ke sayarwa don biyan bashi, sai da izinin gwamna. Wannan ba wasa ba ne: a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi wa bankin Savannah a shari'arsa da wani mai suna Ajilo, don kawai ba a nemi izinin gwamna ba. In gidan na da takardar mallaka ta gwamnati, a duba sunan da ke rajista a ofishin filaye na Gusau.

Daga nan ka shiga unguwa. Mai unguwa, liman da dattawan maƙwabta su ne suka san ko gidan gado ne da ba a raba ba. Sau da yawa ɗa guda ne ke jinginar da gidan da ƙannensa mata da marayu ke da haƙƙi a ciki. Abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da ka saya. Haka kuma, a yankin Anka, Bukkuyum da Gummi akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu. Gidan da ka tarar a kulle ba lalle ba ne mai shi ya sallama. A nemo shi, ka ji daga bakinsa.

Akwai kuma abin da ya shafi Bagega musamman. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, sanadiyyar niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega aka zuba sabuwa. Ka tambaya ko gidan na cikin waɗanda aka tsabtace, kuma ko an sake daka dutse a ciki bayan nan. Duba turmi, buhunan da aka jibge a zaure, bakin rijiya, da tubalin katanga, domin wasu da ƙasar wurin niƙa aka yi su. Mai ƙananan yara kada ya tare sai masana sun auna ƙasar.

Ranar biya, ka biya ta banki, a rubuta yarjejeniya da iyakokin gida ta fuska huɗu, shaidu su sa hannu. A rubuta ranar da mutanen ciki za su tashi, ka kuma ba su wa'adi na mutunci, don gobe maƙwabta ne ko 'yan'uwan maƙwabta. In mai sayarwa ya ƙi a je kotu ko gaban mai unguwa, riƙe kuɗinka ka nemi wani gidan.