Tsohuwar Na'urar Fotokwafi a Didawure: Abin da Ake Lallaɓawa da Abin da Ba a Wasa da Shi

Didawure unguwar fatake ce tun zamanin da ayarin goro ke ratsa Sokode tsakanin Kano da Salaga. Yau akwai gidajen da cefanensu ke fitowa daga na'urar fotokwafi guda a shagon ƙofar gida: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardun ɗalibai in jarrabawar BEPC da ta BAC sun ƙarato. Da yawa daga cikin na'urorin nan, Canon ne ko Ricoh ko Sharp ko Kyocera, sun gama yi wa ofisoshin Turai aiki kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Lome. Kayan gyaransu ma daga can suke zuwa, tafiyar kusan kilomita 340, mai shago a Dapaong kuwa ya haura 600. Sau da yawa kayan da ake cewa sun mutu datti ne kawai ya kama su. Wasu ana iya lallaɓa su su ƙara watanni, wasu kuma lallaɓa su ganganci ne.

1. Ku fara zargin takarda. Daminar Sokode doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, takarda kuwa tana shan laima. Na'urar da cajin lantarki take ɗora garin tawada a kan takarda, mai laima ba ta riƙe cajin, sai kwafi ya fito fari-fari a ce dorom, wato gangar da ke ɗaukar hoton shafi, ya mutu. Takarda mai laima ce kuma ke nannaɗewa ta maƙale. Ku bar rim a cikin ledarsa, a kan katako, kada ya taɓa siminti. Ku zuba abin da za ku ci a yini kawai, ku karkaɗa gefen kafin zubawa. Mai nauyin giram 80 ta fi zama lafiya. In za ku juya tsohuwar takarda don yin aiki da bayanta, ku shafa kusurwoyinta da yatsa, domin ƙusar sitefula ɗaya ta isa ta ja wa dorom zanen da ba ya gogewa.

2. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta fi tsanani a Dapaong, amma Sokode ma ba ta tsira ba. Ku matsar da na'ura daga bakin ƙofar da ke kallon titi, ku yayyafa ruwa kafin shara. Ku rufe ta da zane da dare bayan ta huce, kuma kada ku jingina ta da bango har iskar fankarta ta rasa mafita. Yara su daina cin abinci a kanta. Ɗuminta na jawo kyankyasai da ɓeraye, su kuwa waya suke ci.

3. Kafin ku kira mai gyara saboda baƙin layi, ku duba gilashi. Ku sa na'urar ta fitar da shafin rahotonta na ciki. In ya fito tsaf amma kwafi na fitowa da layi, matsalar tana sama: gilashi, madubai, ko siririn gilashin da takarda ke bi ta kansa in an zuba ta ta murfi. Ɗigon farin ruwan goge rubutu da ya bushe a wurin yakan ja layi daga farkon shafi har ƙarshe. Ku jiƙa tsumma ku goge, kada ku fesa ruwa kai tsaye.

4. Tayoyin jan takarda su ne suka fi karɓar lallaɓawa. In na'ura ta fara kasa ɗaukar takarda ko tana kwasar biyu-biyu, yawanci robar ce ta yi sulɓi da ƙurar takarda. Tsumma mai ɗan ruwa ya isa. Fetur da kananzir suna sa ta kamawa yau, gobe ta kumbura ta tsattsage. In gogewa ba ta yi ba, ku musanya su da na aljihun takarda na biyu, wanda a yawancin shaguna kusan ba a taɓa shi. A wasu na'urorin ana iya zare robar a juya ta ciki ya koma waje. Shafa ta da lallausar samfefa shi ne mataki na ƙarshe. Ɗaura mata robar ƙunsa kuɗi dabarar fita kunyar yini ɗaya ce, in ta tsinke a ciki ta zama wani aikin.

5. Dorom, wanda masu gyara a nan ke kira tambur, ba ya son haske kuma ba ya son yatsa. In kun ciro shi, ku lulluɓe shi da baƙar leda nan take, ku riƙe shi ta gefe. Akwai awon da zai hana a sayar muku da abin da ba ku bukata: in tabo yana maimaituwa a shafi, ku auna tazarar da rula. Dorom mai kaurin milimita 30 yana maimaita tabonsa duk bayan milimita 94. In tazarar ba ta yi daidai da zagayen dorom ɗinku ba, laifin wata taya ne, ta caji ko ta murhun narkar da garin tawada. Tabon da ya manne ana ɗauke shi da busasshiyar auduga, a hankali. Wanda ya zama rami kuwa sai sabo.

Siririn layi mai bin tsawon takarda, in har ya fito a shafin rahoto ma, galibi robar da ke kankare dorom ce. A ciro ta, a goge bakinta, a ɗan barbaɗa masa sabon garin tawada kafin a mayar, don kada ta kama dorom a bushe ta kife. A ganina, sayen sabon dorom a bar masa tsohuwar roba kamar ɗinka sabuwar riga ne a wanke ta a kan kaifin dutse. Robar ta fi araha nesa ba kusa ba, ku canja su tare.

6. Garin tawada ba iri ɗaya ba ne, ko da duk baƙi ne. Na tsofaffin Canon yana ɗauke da sinadarin ƙarfe a jikinsa, su Ricoh da Sharp kuwa suna gauraya nasu da wani garin ƙarfe daban da ke zaune a cikin na'ura. Kowane kuma da zafin da yake narkewa. Wanda bai dace ba yana baƙanta bayan shafi, ya manne wa murhu. Garin da ya taru a kwalbar shara kada ku mayar, ya riga ya cakuɗe da ƙurar takarda. Mai cikawa ya rufe hanci, yara su fita. In ya zuba a tufa, a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi narkar da shi yake ya kama har abada.

7. Murhu, inda gari ke narkewa ya manne, zafinsa na kaiwa wajen digiri 180. In takarda ta maƙale a nan, ku kashe, ku jira, ku ja da hannu biyu a hankali. Wuƙa, almakashi da tsinken tsire su ne ke yaga fatar da ke lulluɓe da shi. In Canon ta nuna E000 ko E001, ƙorafin zafi take yi. Goge lambar a ci gaba da aiki ba gyara ba ne. Mafi muni shi ne mai gyaran da zai ce bari ya haɗa waya ya tsallake fiyus ɗin zafi. Ku ce masa: "Malam, a bar ta ta kwana haka." Wannan fiyus shi ne ke yanke wuta in murhu ya zarce, ga shago cike da takarda, ga iyali kwance a bayansa.

8. Wutar kamfanin lantarki na CEET volt 220 ce. Na'urar da aka ƙera don Amurka 110 take ci, ku karanta tambarin bayanta kafin ku biya kuɗi. Lokacin da murhu ke ɗaukar zafi na'ura tana jan abin da ya haura wat 1,000, don haka ƙaramin sitabilaizan talabijin ba zai riƙe ta ba. Ku nemi mai VA 2,000 ko sama. In an ɗauke wuta ku zare soket, in ta dawo ku dakata ta zauna. Haka in hadari ya taso da tsawa. Janareta ma a bari ya daidaita kafin a ɗora masa.

9. Ku ajiye littafi. Na'ura tana ƙirga kwafinta. Duk abin da aka canja ku rubuta kwanan wata da lambar da ƙirgar ta kai. Bayan canji biyu za ku san tsawon ran kowane kaya a shagonku, da wane mai sayarwa ne kayansa ke jurewa. A kowane rim ku ware wani abu na gyara kafin kuɗin ya shiga cefane. Tayoyi da robar dorom ku yi odarsu daga Lome tun kafin watan jarrabawa, lokacin da kwana biyu a rufe ba ƙaramar asara ba ce. In kun ji wani zai jefar da matacciyar na'ura irin taku, ku taya: giyoyi, aljihunan takarda, fanka da madubai duk suna shiga taku.