Ciwon Hanta Nau'in E: Abin da Gidajen Birnin Kebbi da Argungu Za Su Kiyaye

Da zarar an ce wata cuta a jikin alade take, mutanenmu sai su karkaɗe riga su ce: "Allah ya raba mu, mu da ba ma kiwo ba ma ci." Ciwon hanta nau'in E yana cikin cututtukan da ake yi wa wannan kallo. Gaskiya ne a 1997 masu bincike a Amurka suka gano ƙwayar a jikin aladu, kuma a ƙasashen Turai ta naman alade ta fi kama mutane. Sai dai ƙwayar iri-iri ce. Irin da ya fi ɓarna a Afirka bai damu da dabba ba, daga bahayar mutum yake faɗawa ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 20 ke kamuwa duk shekara, kuma a 2015 cutar ta kashe wajen 44,000. Mu da muke zaune a bakin Gulbin Rima, muna noman fadama, ambaliya na ziyartarmu, ba mu da hujjar sakin jiki.

1. Bayan ambaliya, kada a yarda da rijiyar da aka saba

Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya taso daga wajen madatsar Goronyo, ko ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Argungu da kewaye, ya san ruwa ba ya zaɓen wurin bi. Yana shiga masai, ya kwashe abin da ke ciki, ya ratsa turken dabbobi, ya zube a rijiyar da ba ta da murfi. Bayan kwana kaɗan ruwan rijiyar ya kwanta ya yi garau, sai a ce ya gyaru. Bai gyaru ba. Alif da ake jefawa laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwaya. A tace ruwan, a ɗora a wuta, in ya tafasa a bar shi ya ƙara minti ɗaya yana ɓararraka. Inda itace ya yi tsada, a sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Ruwa mai dauɗa yana cinye ƙarfin kulorin, don haka tacewa ce farko. Ruwan 'yan garuwa ma haka za a yi masa, domin ba kowace jarka aka san inda aka cika ta ba.

2. A kula da randa da moɗa

Sau da yawa an dafa ruwa lafiya, a randa ake ɓata shi. Yaro ya fito daga bayan gida, ya yi tsarki da buta, bai taɓa sabulu ba, ya ɗauki moɗa daga ƙasa ya zurma hannu har wuyan hannu. Duk gidan ya sha. A rufe randa, a rataye moɗa mai dogon mariƙi, a ware kofin sha daban. In da hali, bokiti mai famfo ya fi. Sabulu kuma ya zauna kusa da butar bayan gida, ko toka in babu.

3. Mai ciki ita ce a gaba

Wannan ita ce shawarar da na fi so a riƙe. Ga yawancin mutane cutar tana wucewa da kanta cikin mako 2 zuwa 6. Ga mace mai ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe, tana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. Hanta ta tsaya cak, jini ya ƙi tsayawa wajen haihuwa, a rasa uwa ko ɗa, ko duka biyu. Ba labarin nesa ba ne. A 2017 cutar ta ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, kuma kusan dukkan waɗanda suka fara rasuwa mata ne masu ciki. A shekarar ce ta bayyana a Ngala ta Jihar Borno, a sansanonin 'yan gudun hijira inda ruwa da masai suka yi ƙaranci.

Saboda haka in itacen gida bai isa dafa ruwan kowa ba, a dafa nata. Maigida, wannan aikinka ne kafin na kowa. Ranar da idonta ya yi ɗorawa, ko fitsarinta ya yi duhu, a ranar za a kai ta asibiti, ba a jira ranar awo. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin Gwamnatin Tarayya, a Argungu akwai babban asibiti. Uwar miji da ungozoma su taimaka, kada a ce "laulayi ne, zai wuce." Laulayi ba ya canza launin ido.

4. A san alamomi, a kuma waiwaya baya

Zazzaɓi mara zafi sosai, kasala, ƙin abinci, tashin zuciya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci ƙaiƙayi. Daga nan sai ciwon shawara ya fito, ido ya yi ɗorawa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jinkiri: daga shan ruwan zuwa kwanciya akan yi mako 2 zuwa 10, galibi 5 ko 6. Ruwan Satumba ke kwantar da mutum lokacin yankan shinkafa, har ya manta. A gaya wa likita abin da aka sha da inda aka je. Idan mara lafiya ya fara yawan barci, ko sambatu, ko zubar jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko tsakar dare ne a fita da shi.

5. A sassauta wa hanta

Hantar da ta kumbura ba ta son ƙarin aiki. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba, da farasitamol da ake watsawa baki ba lissafi, duk ta hanta suke bi. Hutu, abinci mai sauƙi, ruwa mai tsabta, sai abin da likita ya rubuta.

6. Masu kiwon alade da maƙwabtansu

Jihar Kebbi ta kowa ce, kuma a ƙasar Zuru akwai gidajen da kiwon alade ke biyan kuɗin makarantar yara. Bincike a jihohin Filato da Kaduna ya nuna alamun ƙwayar a jinin aladu. Wahalar ita ce aladen da ke ɗauke da ita ba ya nuna ciwo, yana ci yana ƙiba, ƙwayar tana fita a kashinsa. Mai kiwo ya killace su, ya nisanta garke daga rijiya da magudanar da ke gangarawa rafi, ya sa takalmin roba wajen shara, ya wanke hannu kafin ya taɓa abinci. Mai fawa ya rufe duk wani yanka da ke hannunsa, ya raba wuƙar ɗanyen nama da ta dafaffe. Hanta ce matattarar ƙwayar. Sai zafi ya kai digiri 71 har tsakiyar nama na minti 20 take mutuwa, wato a dafa har ja ya ɓace gaba ɗaya. Kyafewa ko shanyawa ba su wadatar ba.

Wanda ba ya ci ma abin ya shafe shi, domin ɗanyen taki da ruwan garke suna iya kaiwa ga lambu. Latas, kabeji da tumatirin da za a ci ɗanye a wanke su da ruwan da za a iya sha, ba ruwan kududdufin fadama ba.

7. Raƙumi ma yana da nasa iri

Wannan ya fi kusa da tukunyarmu. An gano wani iri na ƙwayar a jikin raƙuma, har a 2016 likitoci suka ba da rahoton wani mutum a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda aka yi wa dashen hanta, ya kamu da shi, kuma mai yawan cin naman raƙumi ne da shan nononsa. Nonon raƙumi da ake sha don magani a tafasa shi. Hanta kuwa, ta kowace dabba ce, a daina ba mai ciki ita da sauran jini a ciki da sunan ƙarin jini. Dafaffiya ma tana ƙara jinin.

8. Masai

A haƙa shi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma a gangare, kada ya kasance sama da ita. Kashin yara a zuba a masai, ba bayan danga ba. Masunta da manoman da ke yini a bakin Matan Fada ko cikin fadama su tafi da ruwansu a jarka, su kuma nisanci gulbi in za su kewaya.

9. Allurar ciwon hanta nau'in B ba ta kare mutum daga E

Akwai allurar E mai suna Hecolin, wadda ƙasar Sin ta amince da ita a 2011, an kuma yi amfani da ita a sansanin Bentiu na Sudan ta Kudu a 2022, amma ba ta cikin rigakafin da ake yi wa yaranmu. Idan mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya suka yi ciwon shawara cikin wata guda, a sanar da mai unguwa da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, su zo su duba rijiyar da gidajen suka haɗa.