WASAN KWAIKWAYO DA MAZAUNIN 'YAN KALLO

Wasan kwaikwayo kamar tukunya yake bisa duwatsun murhu uku, watau labari, da 'yan wasa, da 'yan kallo. Biyun farko kowane malami yana kula da su, ya kwana yana gyaran labari, ya wuni yana horon yara. Amma na ukun sau da yawa sai ranar wasa a kan tuna da shi, sa'an nan a shiga neman benci ruwa a jallo. To, ya 'yan'uwana masu koyon malanta, bari mu duba wannan dutse na uku, gama in ya goce, tukunya duka ta kife.

Yadda muka gada

A Birnin Gwari da ƙauyukanta, kamar sauran ƙasar Hausa, ba mu gaji wani ɗaki na musamman domin wasa ba. In azumi ya kwana goma yara su kan fita tashe bayan shan ruwa, suna bin gida gida, wannan ya yi shigar Jatau mai magani, wancan ya yi ta Macukule. A nan wasa shi ke zuwa wurin mai kallo, ya tarad da shi bisa tabarmarsa ko dakalin ƙofar gidansa. In kaka ta yi kuma, samari su kan shirya kalankuwa a dandali, su naɗa sarkinsu da alkalinsu, suna kwaikwayon manya.

Ku lura da yadda jama'a ke zama a dandali ba tare da kowa ya tsara su ba. Yara a gaba bisa ƙasa, dattawa bisa tabarma ko buzu, mata a gefe guda, samari a tsaye daga baya. Gajere a gaba, dogo a baya, kowa na gani, kowa na ji. Wanda ƙafarsa ta yi tsami ya miƙe, ba ya tare wa kowa. Wannan hikima ce, ko da ya ke ba a rubuta ta cikin littafi ba.

Gidan wasa na Landan

Mutanen Ingila ma sun daɗe da sanin wannan matsala. A cikin 1599 ƙungiyar 'yan wasan da Shekispiya ke ciki ta gina gidan wasa a bakin Kogin Tems, aka sa masa suna Globe, watau dunƙulen duniya. Gini ne na katako, a kewaye kamar garka, da rumfuna hawa uku masu jinka, tsakiyarsa kuwa fili ne babu rufi. Dandamalin wasa ya kutso cikin filin, jama'a na kewaye da shi ta gefe uku. Da rana a kan yi wasa, da hasken da Allah ya bayar.

Wani matafiyi mutumin Suwizalan, Thomas Platter, ya ziyarci Landan a shekarar nan, ya rubuta yadda a ke biya a gidajen wasanta. Mai kwabo ɗaya ya tsaya a fili. Mai kwabo biyu ya sami benci a rumfa. Mai kwabo uku ya zauna bisa matashi, inda zai gani, a kuma gan shi. Ashe tun fiye da shekara 400 da suka wuce taushin mazauni abin sayarwa ne, kuma da shi a ke gane mai hali.

Ran 29 ga Yuni 1613 aka harba igwa cikin wasa, tartsatsi ya faɗa kan jinka, gidan ya ƙone ƙurmus. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu. Aka sake gina shi cikin 1614 da rufin da ba na ciyawa ba, aka rufe shi cikin 1642, daga baya aka rushe.

Bayan shekaru fiye da 300 wani ɗan wasa Ba'amurke, Sam Wanamaker, ya ɗaura aniyar ta da shi. Ya rasu cikin 1993 bai ga ƙarshen aikin ba, aka buɗe sabon gidan cikin 1997, kusa da kufan na dā. An bi tsarin magabata, da manyan itatuwa, da turakun itace maimakon ƙusa, da yaɓen farar ƙasa gauraye da gashin awaki, kamar yadda maginanmu ke cuɗa ƙasa da ciyawa. Shi ne gini na farko da aka yarda a yi masa jinka a Landan tun babbar gobarar 1666, amma an bi kan jinkar da bututun ruwa saboda tsoron wuta. Tsohon gidan ya kan ɗauki wajen mutum 3,000, sabon kuwa kamar rabin haka, kimanin 700 daga cikinsu a tsaye.

To, ga inda darasin yake. Da ya ke an bi tsarin dā, an gaji wahalar dā. Bencin katako ne tsura, yawancinsa ba majingina, sai wanda ya dace da layin baya ya jingina da bango. Wasa kuwa ya kan kai sa'a biyu da rabi ko uku. Saboda haka har yanzu a kan ba da hayar matashi. Masu tsayuwa ba a yarda su zauna a ƙasa ba, ba a kuma yarda su buɗe lema ko ana ruwa, don kada su tare wa na baya. Duk da haka mutane na tururuwa, har waɗansu sun fi son tsayuwar, don mai tsayuwa shi ke dab da ɗan wasa, suna kallon juna ido da ido.

Na gida Zariya

Ba sai mun ƙetare teku ba. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo cikin 1975 a hannun Michael Etherton. Wani mai zanen gini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara mata gidan wasa bisa fasalin gidan Bahaushe, maginan gargajiya suka ɗora shi da tubali, ɗakuna masu jinka kewaye da fili marar rufi. An shirya shi yadda za a iya yin wasa a tsakiya jama'a na kewaye, ko a yi a bakin ɗakunan jama'a na tsakiya. Watau su a Landan tsohon gininsu suka mayar, mu kuwa dandalinmu aka yi wa katanga.

Shin wahalar zama aibi ce?

Amsa ita ce, tana da iyaka. Kujera mai laushi cikin duhu ta kan jawo gyangyaɗi, ta kuma raba mutum da maƙwabcinsa. Amma jama'ar da ke kafaɗa da kafaɗa cikin haske, dariyar ɗaya ta kan kama saura kamar wutar daji, ɗan wasa ya ji ƙarfi. Sai dai in ƙugu ya fara ciwo, kunne ya kan toshe. Tsohon da ya sha rana sau ɗaya, ko mai goyon da aka matse, ba su ƙara zuwa, kuma su ne iyayen da mu ke so su ga amfanin makaranta.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasarmu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe cikin 1936, aka mai da shi gandun ƙasa cikin 1999, da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da shi, sun zama maɓoyar 'yan bindiga shekaru da dama. Ƙauyuka suka watse, makarantu da yawa suka rufe, taron dare ya zama abin tsoro. Sai a Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Akwai yaran da suka tashi ba su taɓa ganin dandali cike ba. Malamin da aka tura can, in ya tara iyaye da 'ya'ya wuri guda suka yi dariya tare, ya yi aikin da ya wuce wasa. Ba ya kuwa bukatar dare ko fitila, tun da Shekispiya kansa da rana ya yi nasa.

Abin da malami zai kiyaye

1. Ka sa wasa bayan la'asar, ka tashi kafin magariba, don kowa ya isa gida da haske. Kada ya wuce sa'a ɗaya da rabi.
2. Ka zaɓi inuwar babban itace, ɗorawa ko maɗaci. Ka juya 'yan kallo rana na bayansu, kada ta haske musu ido.
3. Ka yi zama kamar jinjirin wata, tabarmi a gaba, benci a tsakiya, masu tsayuwa a baya.
4. Benci mai majingina na dattawa ne da marasa ƙarfi. Mata masu goyo a sa su kusa da mafita.
5. Ka bar hanya biyu a buɗe, ka ajiye randar ruwa, ka nisanta wuta daga zana da jinka. Ka tuna da 1613.
6. Kafin ranar, kai da kanka ka zauna a wuri mafi muni, ka sa yaro ya yi magana daga dandamali. In ba ka ji ba, ka gyara.

Mai kallo baƙonka ne, shimfiɗarka kuwa ita ce gaisuwarka ta fari. Allah ya maido mana da zaman lafiya, dandali ya sake cika. Wassalam.