Shawarwari Takwas Ga Iyaye: Karatun Yaro Daga Tsakar Gida Yake Farawa

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka karatun yaro sai ranar da aka ɗinka masa yunifom aka rataya masa jaka. Alhali kafin wannan ranar an riga an ci rabin tafiya. Masana lafiyar yara suna ba kwanaki 1,000 na farko muhimmanci na musamman, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa da saurin da ba za ta ƙara yi ba. Duk tsawon lokacin nan kuwa yaro na hannun iyayensa, ba ya hannun malami. Ga shawarwari takwas, kuma mafi yawansu ba sa cin ko kwabo.

1. Ku yi ta hira da shi tun bai iya mayar da magana ba. Idan kina yi masa wanka, ki riƙa faɗa masa: ga hannu, ga kunne, ruwan da ɗumi. Idan ya yi gwaranci, ki amsa masa, ki ɗan saurara ya sake. Wannan ba-ni-in-ba-ka shi ne tushen magana, magana kuwa ita ce tushen karatu. Ku yi da Hausar da kuka iya sosai. Yaron da ya ƙoshi da harshen gidansu ya fi saurin kama Larabci da Turanci ko Faransanci idan lokacinsu ya zo. In kuma ya tashi da tambaya, kada "yi min shiru, ka cika surutu" ta zama amsarku ta kullum.

2. Ku dawo da tatsuniya bayan sallar isha'i. Yaron da ke bin labarin Gizo da Ƙoƙi yana koyon sauraro, da riƙe abu a ka, da gane abin da ya zo farko da abin da ya biyo baya. Ku riƙa tsayawa a tsakiya kuna tambayarsa: me kake gani Gizo zai yi yanzu? Washegari ku ce shi ya ba ƙanensa labarin. Ku haɗa da kacici-kacici da karin magana. Idan akwai kaka a gida, a ba ta fagen nan. Wanda ya iya karatu kuma ya riƙa karanta wa yara Magana Jari Ce na Abubakar Imam da babbar murya, yana bin layi da yatsa, don su ga cewa maganar da suke ji ita ce a kwance a takarda.

3. Ku koya masa lissafi da kayan gida. Ki aike shi ya kawo cokula huɗu. Ki ba shi wake da gyaɗa a faranti ya ware su. Ki tambaye shi tsakanin mudu da gwangwani wanne ya fi cin gero. Kai kuma maigida, idan ka raba ƙosai goma ga yara biyar, ka bari su faɗa maka nawa kowa zai samu. Marfin kwalba, tsakuwa, karan dawa da laka duk kayan karatu ne. Wasan dara da carabke suna kaifafa ƙirga da lura, gawayi da bango ko yashi da tsinke kuma suna saba wa hannu da riƙon alƙalami. A dai kula kada ƙananan abubuwa su kai bakin mai rarrafe.

4. Ku gyara abin da ke shiga cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da ƙarin abinci. Kunun gero tsura yana cika ciki amma ba ya gina jiki. A niƙa gero da waken suya da gyaɗa, in da hali a ƙara garin busasshen kifi. A sa zogale ko alayyahu a miya, a ba shi gwanda da mangwaro a lokacinsu, a yi girki da gishiri mai aidin. Zancen cewa ƙwai na sa yaro sata camfi ne da ya daɗe yana cutar 'ya'yanmu. Ƙwai ɗaya dafaffe ya fi biskit da alawa amfani nesa ba kusa ba.

5. Ku tare cuta tun ba ta kwantar da shi ba. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana ƙarar da jini, yaro ya zama kullum a gajiye, ba wasa ba kuzari. A kwana cikin gidan sauro kowane dare. Da damina, idan ma'aikatan lafiya suka zo da maganin kariya na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a karɓa, kuma a ba da na kwana na biyu da na uku kamar yadda aka ce. A kammala rigakafi, har da na ƙyanda da ake yi a wata 9, a adana katin. In gudawa ta kama shi, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zinc, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan kunne na zubar da ruwa, ko kuna kira ba ya waiwaye, a kai shi asibiti: wanda bai ji da kyau ba, ba zai yi magana da kyau ba.

6. Ku nisanta shi da gubar dalma. A 2010 ɗaruruwan yara sun rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Dalma ko kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwa, kuma ba lallai a ga alama ba. Kada a kawo aikin ma'adinai ko fasa tsohon batirin mota cikin gida. Akwai kwallin gargajiya da ake haɗawa da dutsen dalma, don haka barin sa wa jariri kwalli ya fi zama lafiya.

7. Ku sa wa waya iyaka, ku ba barci haƙƙinsa. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, bai kamata ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna kallon waya ko talabijin ba, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Waya na yi wa yaro magana amma ba ta sauraronsa. Ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, har da na rana. Wanda ya raba dare gaban fim ba zai riƙe ko harafi ɗaya da safe ba.

8. Ku rage bulala, ku yawaita yabo, kuma aikin na kowa ne. Yaron da ake duka duk lokacin da ya yi kuskure a allo ko a littafi, ɓoye kuskuren zai koya, ba gyara shi ba. Kada a kira shi daƙiƙi ko a riƙa gwada shi da ɗan maƙwabta. Ku ce: "Madalla, ka kusa, sake gwadawa." Uba ya zauna ko da minti goma ne bayan magariba ya saurari karatun da aka biya yau. Yayye su riƙa ja wa ƙanne baƙi. Kuma abin da aka yi wa ɗa namiji a yi wa 'ya mace. Kada farantin talla ya cinye mata lokacin karatu. Uwar da ba ta yi boko ba kada ta raina kanta. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, mata malamai da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu, domin ta san ilimin da ya shiga hannun uwa ba a kanta kaɗai yake tsayawa ba.

Ba sai an ɗauki takwas ɗin a rana ɗaya ba. Ku zauna da mutanen gidanku yau ku zaɓi biyu, ku dage a kansu har su zama jiki, sannan ku ƙara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya yi musu albarka.